Daga "An Ce" Zuwa "Ga Shi": Yadda Binciken Ƙwaƙwaf Yake Gudana

A ranar 7 ga Yulin 2018 jaridar Premium Times ta fitar da wani labari wanda ƙashin bayansa kwanan wata ne kawai. Labarin ya ce ministar kuɗin Najeriya ta lokacin, Kemi Adeosun, ba ta yi wa ƙasa hidima ba bayan ta gama karatu, kuma takardar da take nunawa cewa hukumar NYSC ta ɗauke mata hidimar jabu ce. Takardar tana ɗauke da watan Satumban 2009, da sa hannun Birgediya Janar Yusuf Bomoi a matsayin shugaban hukumar. Shi kuwa Bomoi tun watan Janairun shekarar ya bar kujerar. Yaya aka yi mutum ya sa hannu a ofishin da ya bari wata takwas da suka wuce? Ban da haka, ta fuskar shekaru, wanda ya gama digiri bayan ya haura shekara 30 ne doka take ɗauke wa hidima, ita kuwa ministar ta gama a Landan a 1989 tana da shekara 22. Wakilin jaridar, Abdulaziz Abdulaziz, ya jera waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A ranar 14 ga Satumba ministar ta ajiye aiki, tana cewa ba ta san takardar jabu ba ce, wasu da ta amince da su ne suka karɓo mata.

Kusan duk mai riƙe da muƙami a ƙasar nan akwai abin da ake faɗa a kansa a teburin mai shayi, amma raɗe-raɗi bai taɓa sauke minista ba. Abin da ya yi aiki shi ne an ajiye takarda, an ajiye kwanan wata, an ajiye abin da doka ta ce, ta yadda duk mai shakka zai iya dubawa da kansa. Aikin ɗan jarida mai binciken ƙwaƙwaf ke nan: ya ɗauko magana daga "an ce" ya kai ta "ga shi". Tsakanin waɗannan biyun akwai tafiya mai nisa, kuma yawancinta ba ta da armashi ko kaɗan.

Inda ya rabu da labaran yau da kullum

A labaran yau da kullum, mai mulki ne yake zaɓar rana da wuri da abin da za a faɗa. Kwamishina ya kira taron manema labarai ya ce an gyara asibitocin karkara, wakili ya rubuta ya aika ɗakin labarai. Wakilin bai yi ƙarya ba, domin kwamishinan ya faɗa. Mai bincike kuwa daga nan nasa aikin yake farawa. Nawa aka ware? An saki kuɗin? Wa aka ba kwangilar? Ina asibitin yake?

Abu uku ne suke haɗuwa kafin a kira labari bincike. Lamarin ya shafi jama'a, wato dukiyarsu ko lafiyarsu ko haƙƙinsu. Akwai wanda ba ya so a sani. Sannan ɗan jaridar da kansa ya tono, ya tabbatar. Idan wani ya miƙa maka takardar ofis a ɓoye ka buga ta yadda take, ka zama ɗan aike ne kawai, kuma ba ka ma san wanda ya aike ka ba.

Yawancin bincike da tsegumi yake farawa, kuma mai kawo tsegumi ba safai yake zuwa don Allah ba. Ko ɗan kwangilar da aka hana kasonsa ne, ko ma'aikacin da aka tsallake a ƙarin girma, ko ɗan siyasar da yake neman kujerar wanda ake zargi. Ƙwararren ɗan jarida ya san haka, kuma ba ya korar mutum saboda haka. Ƙullin da ke zuciyar mai magana ba ya mayar da gaskiya ƙarya, ba ya kuma mayar da ƙarya gaskiya. Abin da yake yi shi ne ya karɓi maganar a matsayin tambaya, sannan ya shiga neman abin da zai rushe ta. Idan ya yi iya ƙoƙarinsa ta ƙi rushewa, to akwai labari. Sau da yawa takan rushe, aikin makonni ya tafi a banza, kuma babu mai karatun da zai taɓa jin an yi.

Bin sawun kuɗi

Kuɗin gwamnati ba ya motsi sai ya bar takarda a bayansa. Mu ɗauka wani ya kawo ƙorafi cewa an cinye kuɗin ginin ƙaramin asibiti a ƙauyensu. Mai bincike zai fara da kundin kasafin kuɗi, ya nemo layin da aka rubuta aikin da adadin da aka ware masa. Amma sanya aiki a kasafi daban, sakin kuɗi daban, kuma a nan sababbin shiga suke yawan faɗawa rami: su ga adadi a kasafi su yi ihun an sace, alhali ko kwabo ba a saki ba. Don haka sai ya nemi shaidar biya. Daga nan ya koma kan kamfanin da aka ba aikin. Rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, za ta nuna ranar da aka kafa shi da sunayen masu shi. Kamfanin da aka yi wa rajista makonni kaɗan kafin ya sami kwangila, ko wanda adireshinsa ya ƙare a shagon sayar da katin waya, ko wanda daraktansa ƙanin matar mai ba da kwangilar ne, kowanne abin tsayawa ne a duba.

Bayan takarda sai ƙafa. Ya hau mota, in hanya ta ƙare ya hau babur, ya je ƙauyen. Zai tarar da allon aiki, watakila fentinsa ya fara kankarewa, ya kwafe abin da aka rubuta. Zai duba ginin: ya tsaya a linta ne, ko an yi rufi ba a sa ƙofa da taga ba, ko kuwa fili ne da akuyoyi. Ya ɗauki hoto mai nuna rana da wuri. Ya zauna da mai unguwa, ya ji ta bakin ungozoma, ya tambayi magidancin da ya ɗauki matarsa mai naƙuda a babur zuwa wani gari. Su ne za su faɗa masa yaushe leburori suka tattara kayansu, kuma su ne suke mayar da alƙaluman takarda su zama labarin mutane.

Akwai doka da take taimakon wannan aiki. A ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai. Ta ba kowane mutum, ko ɗan jarida ne ko manomi, damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takardu, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa. A aikace ma'aikatu da yawa shiru suke yi, sai an kai su kotu. Duk da haka wasiƙar tana da amfani: hatimin karɓa da aka buga a kan kwafinta shaida ce cewa an tambaya, an ƙi amsawa.

Majiya, da haƙƙin wanda ake zargi

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kada a dogara da majiya ɗaya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ake ƙirga majiyar. Mutum biyu da suka ji magana daga bakin mutum ɗaya guga biyu ne daga rijiya ɗaya. In ruwan ya gurɓace, duka ya gurɓace. Saboda haka tambayar da mai bincike ba ya gajiya da ita ita ce: "Ta yaya ka sani? Ka gani da idonka, ko faɗa maka aka yi?"

Kare majiya kuwa ya wuce ƙin faɗin suna. Takardar ofis takan zo da lambar kwafi ko alamar biro da za ta nuna teburin da ta fito. Idan mutum uku kaɗai suka halarci zaman da aka ba da labarinsa, cewa "wata majiya da ta nemi a sakaya sunanta" bai ɓoye kowa ba. Ɗan jaridar da ya yi sakaci a nan shi zai sami yabo, akawun da ya taimake shi ya rasa aikinsa.

Mataki na gaba shi ne mafi nauyi: tunkarar wanda ake zargi kafin a buga. A aika masa tambayoyi a rubuce, dalla-dalla, a ba shi lokacin amsawa. Wannan haƙƙinsa ne, kuma kariya ce ga jaridar, domin wani lokaci yakan fito da takardar da za ta nuna an fahimci abin a baibai. Amma daga ranar da tambayoyin suka isa, ya san abin da ake ciki. Sai waya ta fara ƙara: wani dattijo ya kira mai jaridar yana roƙon arziki, wani ya yi tayin talla, wani ya tambaya ko yaran wakilin suna lafiya.

Idan labarin ya tsallake wannan, edita zai zauna da wakilin su bi shi jimla-jimla, kowace a tambayi hujjarta. A manyan labarai lauya ma yakan duba. A nan ake tace kalmomi. In takarda ta nuna an biya kuɗi kuma ba a yi aiki ba, abin da za a rubuta ke nan. Ba za a rubuta "ya sata" ba, domin wannan hukunci ne, kuma hukunci na alƙali ne.

Shigar burtu

Akwai ɓarnar da ba ta barin takarda. Babu ɗan sandan da yake ba da rasit na kuɗin beli. A irin wannan ne ɗan jarida yakan ɓad da kama. A 2019 Fisayo Soyombo ya sauya suna, ya shirya aka kama shi, ya yi kwana 5 a ofishin 'yan sanda na Pedro a Legas, da kwana 8 a kurkukun Ikoyi, ya fito da bayanin yadda ake cinikin beli da wurin kwana.

Wanda ya fi taɓa Arewa shi ne binciken BBC Africa Eye kan maganin tari mai kodin, wanda ya fita a ƙarshen Afrilun 2018. Tun kafin nan Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, kuma babu unguwar da ba a san matsalar ba. Abin da shirin ya ƙara shi ne kyamarar ɓoye ta nuna ma'aikatan wasu kamfanonin magani suna sayar da katan-katan ta bayan fage ba tare da takardar likita ba, sannan ta nuna matasa ɗaure da mari a wani gidan gyaran hali a Kano. A ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin da shigo da shi, ko da yake ta ce shawarar wani kwamitinta ta bi.

Wannan hanya tana da masu suka, kuma sukar tana da tushe. A Ghana, Anas Aremeyaw Anas ya ɗauki hotunan alƙalai suna karɓar na goro a 2015, aka kori alƙalan ƙananan kotuna 20 a watan Disamban shekarar. A 2018 ya koma kan ƙwallon ƙafa, har FIFA ta haramta wa shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Kwesi Nyantakyi, harkar wasan. Masu sukarsa suna tambaya: idan kai ka kai kuɗin ka miƙa, laifin da yake nan ka kama, ko kai ka ƙirƙiro shi? Shi ya sa gidajen jarida masu tsari ba sa yarda da shigar burtu sai lamarin ya yi girma, kuma babu wata hanyar samun hujja.

Idan kuɗi ya ƙetare iyaka

Kuɗin sata ba ya zama a gida, don haka masu bin sa ma suka koyi haɗa hannu. A Afrilun 2016 aka fara buga Takardun Panama: takardu miliyan 11.5 daga ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca, waɗanda suka fara faɗawa hannun jaridar Süddeutsche Zeitung ta Jamus. Ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta duniya, ICIJ, ta haɗa 'yan jarida fiye da 370, suka yi kusan shekara guda suna tantancewa babu wanda ya yi riga malam masallaci. Dalilin haɗuwar a fili yake: sunan da ba ya nufin komai ga ɗan jarida a Jamus, na Abuja yana gani zai san ko ɗan wane ne. Firaministan Iceland ya sauka cikin kwanaki, kotun ƙolin Pakistan kuma ta tsige Firaminista Nawaz Sharif a 2017. A Nijar, Moussa Aksar na jaridar L'Événement ya yi amfani da irin wannan haɗin gwiwa a 2020 wajen bin badaƙalar sayen makamai a ma'aikatar tsaro, wadda binciken gwamnati da kanta ya nuna an yi asarar kusan biliyan 76 na sefa. A 2021 shi ne kotu a Yamai ta ci tara bisa ƙarar ɓata suna.

Bayan an buga

Ɗan jarida ba shi da ankwa, ba shi da kotu. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen watsa labarai nauyin sa gwamnati ta riƙa yi wa jama'a bayanin abin da take yi, amma bai ba su ikon hukunta kowa ba. Abin da zai biyo bayan labari ya rataya ne a wuyan majalisa da kotu da hukumomi irin su EFCC da ICPC, da kuma masu jefa ƙuri'a.

Kanawa sun ga haka da idonsu. A Oktoban 2018 Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya fitar da bidiyoyin da ya ce suna nuna Gwamna Abdullahi Umar Ganduje yana karɓar daloli daga 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa su aka yi. Majalisar dokokin jihar ta kafa kwamiti, Jaafar ya bayyana a gabansa, sannan babbar kotun jihar ta ce majalisar ba ta da hurumin binciken laifi irin wannan. Gwamnan ya sake cin zaɓe a 2019, Jaafar kuma ya koma Ingila a 2021 yana cewa ana yi wa rayuwarsa barazana. Ita ma Adeosun, a 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa hidimar ba ta hau kanta ba tun farko, saboda matsayinta na zama 'yar ƙasa a lokacin da ta gama karatu. Kodin kuma an haramta shi, amma shaye-shaye bai ƙare ba. Wanda yake auna bincike da yawan waɗanda aka ɗaure zai yi saurin karaya. Ribar da ta fi ɗorewa ita ce abin ya shiga tarihi da suna da rana, kuma mai sa hannu a takarda gobe ya san wata rana wani zai iya karanta ta.

Akwai wani abin da yake ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya game da wannan sana'a. Mun tashi muna roƙon Allah ya rufa mana asiri, an kuma hore mu da rufa wa ɗan'uwa nasa. Ina matsayin mutumin da tono ne aikinsa? Amsar tana ga bambanci tsakanin aibin mutum da amanar jama'a. Abin da shugaba ya yi a cikin gidansa, wanda bai taɓa haƙƙin kowa ba, ba huruminmu ba ne, kuma ɗan jaridar da ya leƙa can ya bar aikinsa ya shiga gulma. Amma kuɗin asibiti ba asirin kwamishina ba ne. Rufe shi rufa wa mutum ɗaya ne, a bar dubbai a waje.

Abin da sana'ar take ci

Ranar 19 ga Oktoban 1986 aka kai wa Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, ƙunshin saƙo a gidansa da ke Ikeja, ya fashe ya kashe shi. Ranar 13 ga Disamban 1998 aka tsinci gawar Norbert Zongo a ƙone cikin motarsa a Burkina Faso, lokacin yana binciken mutuwar direban François Compaoré, ƙanin shugaban ƙasa. A Janairun 2019 aka harbe Ahmed Hussein-Suale, abokin aikin Anas, a unguwar Madina ta birnin Accra, bayan wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin. Doka ma takan zama bulala. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, kan labarin naɗin jakadu. Yau sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ne ake yawan kama 'yan jarida da shi, kuma gyaran da aka yi masa a 2024 bai tsayar da kamen ba.

Amma abin da ya fi kashe bincike talauci ne. Labari ɗaya yakan ci watanni da kuɗin mota da na lauya, ga shi babban mai ba da talla a yawancin jihohi ita ce gwamnatin da za a bincika. Wakilin da ya yi watanni babu albashi, ambulan ɗin da ake rabawa bayan taro shi ne cefanensa. Shi ya sa cibiyoyi irin su ICIR a Abuja da WikkiTimes a Bauchi suka fi jingina da tallafin gidauniyoyi, kuma tallafi yana da ranar ƙarewa. Sannan akwai ɓata-gari a cikin gida: masu tattara takardu su kai wa mai laifi ciniki, in ya biya a binne. Su da sojojin baka ne suka sa mutane da yawa, da zarar sun ji an fallasa wani, suke fara tambayar wa ya biya.

Mai karatu yana da ma'aunin rarrabewa. Shin an nuna takardar, ko cewa kawai aka yi tana nan? An faɗi wuri da rana da adadi? An ji ta bakin wanda ake zargi? Kalmomin sun tsaya inda hujja ta tsaya, ko sun zarce zuwa zagi? Gidan jaridar da ya buga yana taɓa kowane ɓangare, ko kullum mutum ɗaya yake sara?

Babban giɓin da ya rage namu ne. Yawancin binciken da ake yi a kan Arewa da Turanci ake buga shi a intanet, waɗanda abin ya shafa kuwa rediyo suke saurare da Hausa. Sannan idon masu bincike ya fi karkata Abuja da gidajen gwamnati, alhali ƙananan hukumomi 774 suna da kasonsu daga asusun tarayya kowane wata, ana kuma wallafa adadin. A nan ne bincike ya fi sauƙin tabbatarwa, domin rijiyar burtsatse da aji da ɗakin haihuwa abubuwa ne da ake zuwa a gani. Gidan rediyon da zai karanta wa masu sauraro abin da ƙaramar hukumarsu ta karɓa a wata, ya tura wakili ya zaga mazaɓu, sannan ya ba shugaban hukumar makirufo ya amsa, ya yi binciken ƙwaƙwaf cikakke, kuma kuɗin man babur kawai zai kashe.